Kwana 14 Ba Wanka

Kowace ranar Litinin da safe, kafin a shiga aji, mu kan jera yaran makarantarmu a fili mu duba su ɗaya ɗaya. Mu kan duba farce, da bayan kunne, da wuya, da haƙora. Wanda muka samu da dauɗa sai mu tura shi bakin rijiya da sabulu. Shekara 19 ke nan muna wannan aiki, har iyayen yara sun san mu da shi. Saboda haka wanda ya san mu zai yi mamaki idan ya ji cewa mu ne muka hana wanka a gidanmu har kwana 14, muka kuwa tsaya a kan maganarmu ko da ya ke 'yarmu tana kuka. Ga yadda abin ya faru.

Tun shekarar 2019 mu ke kiwon ɓeran Masar. Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu ne ya ba yaranmu guda biyu, muka yi musu ɗaki da katako da waya a bayan madafa. Gidaje da yawa a nan ƙasar Filato suna kiwonsu, waɗansu domin nama, waɗansu domin a sayar a sayi littafi da fensir. Mu ma da wannan niyya muka fara. Amma da yara suka raɗa musu suna, sai maganar yanka ta mutu. Ko da ya ke muna kiransa ɓeran Masar, wannan dabba ba daga Masar ta fito ba. Asalinta duwatsun Andis ne a Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, inda mutane su ke kiwonta tun shekaru dubbai da suka wuce. A ƙarni na 16 ne 'yan jirgin ruwa suka kai ta Turai. Haka ma masara, wadda ta ɗauki sunan Masar, alhali ita ma daga nahiyar Amurka ta zo mana.

A cikin garkenmu akwai wata mace fara mai ja a kunne, wadda 'yarmu ta biyu ta sa wa suna Kyauta. Yarinyar tana da shekara 11 a lokacin. Ita ce mai yanko mata ciyawa kullum bayan makaranta, Kyauta kuwa da ta ji tafiyarta sai ta fara fito. A watan Nuwamba na 2023 yarinyar ta ji wani ƙari a cikin Kyauta, kusa da nono. Ɓeran Masar nono biyu kaɗai gare shi, suna can ƙasa tsakanin ƙafafun baya. Da fari ƙarin bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Kafin makon farko na Disamba ya kai girman goro, har tana jansa a ƙasa.

Muka kai ta wurin wani likitan dabbobi a Jos. Ya duba, ya auna ta, ta yi giram 870. Ya ce sai an yi mata aiki an cire. Kuɗin da ya faɗa ya isa mu sayi waɗansu ɓerayen da dama. Maƙwabcinmu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, yau kuma ɓera a ke yi wa tiyata? Ku sa mata wuƙa ku huta mana." Ba mu ga laifinsa ba, gama mu ma mun yi wannan tunani a hanya. Uwargida ce ta raba gardama. Ta ce, "Malam, kai ne ka ce wa yarinyar nan dabbar amana ce a hannunta. Yanzu da amanar ta yi tsada, me za ka ce mata?" Muka biya.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Sa'ad da likita ya miƙo mana ita a naɗe cikin tawul, an aske mata gefen ciki, ga ɗinki mai tsawon ɗan yatsa. Ya ce, "Malam, nawa aikin ya ƙare, saura naku, naku kuwa shi ne babba. Abu uku za ku riƙe. Kada ta ji sanyi. Kada ta zauna ba ci. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin nan sai kun dawo bayan kwana 14." Ya ba mu maganin rage zafi da za mu riƙa ɗiga mata a baki, da wani maganin kuma domin kada mikin ya ruɓe. Ya ja mana kunne kada mu ƙara kome a kai.

Maganar sanyi ba wasa ba ce a watan Disamba a wurinmu. Garin Jos yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, da hunturu kuwa sanyin dare ya kan sauka kusa da digiri 10. Zafin jikin ɓeran Masar mai lafiya wajen digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗan fi namu. Amma jikinsa ƙarami ne, zafi ya kan fita da sauri, balle bayan maganin barci. Saboda haka ba mu mayar da Kyauta ɗakinsu na waje ba. Muka sa ta a kwali a ɗakinmu, muka cika kwalba da ruwan ɗumi, muka naɗe da tsumma, muka ajiye a gefe ɗaya, domin idan zafi ya ishe ta ta iya matsawa. Ba mu kawo kaskon gawayi ba, gama hayaƙinsa a rufaffen ɗaki ya kan kashe mutum ma, balle ita.

Shimfiɗa ma sai da muka sāke. Dā garin katako mu ke zuba musu, wanda mu ke samowa daga wurin kafinta. Amma garin katako ya kan manne a miki. Uwargida ta yayyaga wani tsohon farin zanen gado, ta dafa shi, ta shanya a rana. Da shi muka riƙa yi mata shimfiɗa, muna sākewa safe da yamma. Farin ƙyalle yana da amfani biyu: ba ya manne wa ciwo, yana kuma nuna maka kome. Idan jini ya ɗiga za ka gani. Za ka kuma iya ƙirga kashinta, ka san ko ciki yana aiki.

Batun ci shi ne ya hana mu barci a daren farko. Cikin wannan dabba an yi shi ne domin ya riƙa aiki dare da rana. Idan ta yi wajen awa 12 ba ta ci ba, hanji ya kan tsaya, iska ta cika ciki, daga nan kuwa mutuwa ba nisa. Kyauta ta ƙi duban ciyawa. Sai muka daka ɗanyar ciyawa mai laushi da ɗan ruwan ɗumi, muka zuba a ƙaramin sirinji marar allura, muka riƙa ba ta kaɗan kaɗan ta gefen baki, bayan kowace awa uku. Ba mu kwantar da ita rigingine ba, domin kada abincin ya bi hanyar numfashi. Wajen asuba ta miƙa wuya ta ja ganye ɗaya da kanta. Yarinyar ta tashe mu duka don mu gani.

Muka ƙara mata da gwaba da tattasai. Dalilin shi ne, ɓeran Masar kamar mutum ya ke, jikinsa ba ya iya yin bitamin C, sai ya samu daga abinci. Akuya da kare da kaza suna yin nasu, shi kuwa a'a. A shekarar 1907 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar da hatsi zalla, sai suka ga sun kamu da ciwon nan mai sa dasashi zub da jini, irin wanda ya kan kama ma'aikatan jirgin ruwa. Wannan ya buɗe hanyar gane bitamin ɗin daga baya. Mai lafiya yana bukatar wajen miligiram 10 zuwa 30 a rana, mai ciwo kuwa fiye da haka, gama da shi ne jiki ya ke haɗa fatar da aka yanka.

Har zuwa nan kome yana tafiya daidai. A rana ta huɗu ne gwaji ya zo. Kyauta ba ta iya lanƙwasa jiki ta lashe kanta kamar yadda ta saba. Fitsari ya ɓata gashin ƙafafunta na baya ya zama rawaya, kunun ciyawa ya bushe a haɓarta, kwalin ya fara wari. Ranar Asabar ce, ranar wanki da wanka a gidanmu. Muka dawo daga kasuwa muka tarar yarinyar ta dafa ruwa, ta sirka a roba, ta ajiye sabulu da soso, tana ɗauke da Kyauta.

Muka ce, "Ajiye ta."

Ta ce, "Baba, wari ta ke yi. Kai ne fa ka ke koya mana dauɗa ita ce uwar cuta. Idan dauɗa ta shiga ciwon fa?"

Ba ƙarya ta yi ba, maganarmu ce ta mayar mana. Gaskiya kuwa, da muka ji warin, mu ma zuciyarmu ta ce a ɗan tsoma ta a fitar da sauri, me zai faru? Amma mun san abin da zai faru, gama ya taɓa faruwa a hannunmu. Yarinyar ce ba ta sani ba.

A hunturun 2021 muna da wani namiji da yara su ke kira Barde. Kyanwa ta yage shi a cinya. Yara suna makaranta. Muka ɗauke shi muka yi masa wanka sosai da ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda a ke zubawa a ruwan wanka, muka goge shi sama sama, muka mayar da shi ɗakinsu da ɗanyen gashi. Sa'an nan muka buɗe kafson amfisilin da ya ragu daga jinyar ɗanmu, muka jiƙa garin muka ba shi, safe da yamma. Muna ganin mun yi aikin kirki. A rana ta biyu ya fara zawo. A rana ta uku ya mutu. Muka ce wa yara kwanansa ne ya ƙare. Sai ranar aikin Kyauta, da muka ba likita labarin, ya bayyana mana cewa fenisilin da danginsa, watau amfisilin da amoksisilin, guba ne ga ɓeran Masar. Su kan kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanjinsa, sai miyagun su yi yawa su kashe shi. Sanyin wankan ya raunana Barde, maganin ya ƙarasa shi.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka zaunar da yarinyar a kan turmi, muka faɗa mata duka. Muka ce, "Ba kyanwa ce ta kashe Barde ba. Mu ne. Mun so shi, mun kuma yi gaggawa, ba mu tambayi kowa ba." Ba abu mai sauƙi ba ne uba, wanda kuma shi ne malaminta a aji, ya faɗi haka a gaban 'yarsa. Ta yi kuka, ta daɗe ba ta ce kome ba. Daga baya ta share ido ta ce, "To, Baba, yaya za mu yi da dauɗar?" Ta ɗauki robar ta zuba ruwan a gindin gwanda.

Kafin mu faɗi yadda muka yi, bari mu bayyana wa masu karatu abin da ya sa wanka ya ke da hatsari ga dabbar da aka ɗinke. Na ɗaya, ruwa ya kan jiƙa fata ta yi laushi, bakin mikin da ya fara haɗuwa ya sāke buɗewa. Na biyu, ruwan da ya wanke fitsari da kashi daga ƙafa shi ne zai bi zaren ɗinki ya shiga ciki, watau mai wanka ya ɗauko dauɗa daga inda ba ta cutarwa ya kai ta inda za ta kashe. Na uku, ɓeran Masar yana tsoron ruwa, zai yi ta harbi da ƙafa, ɗinki ya tsinke. Na huɗu, gashinsa yana da kauri, ya kan daɗe bai bushe ba, sanyi ya kama ƙirji. Na biyar, wurin da ya jiƙe ya kan yi ƙaiƙayi, haƙoransa kuwa masu kaifi ne, ba su daina tsiro, minti kaɗan ya isa ya cire zare.

Ga yadda muka tsabtace ta ba tare da wanka ba. Yarinyar ta wanke hannu da sabulu, ta zauna a ƙasa, ta shimfiɗa tawul a cinya, ta riƙe Kyauta da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya yana tallafe da gindi, ba tare da matsa ciki ba. Muka tsoma ƙyalle mai tsabta a ruwan da aka dafa ya huce, muka matse har ba ya ɗiga. Muka goge haɓa, da tafin ƙafa, da gindi, kullum muna jan ƙyallen nesa da mikin, ba wajensa ba. Kowane wuri da nasa ƙyalle. Nan take muka bi da busasshen tsumma. Gashin da ya dunƙule da fitsari ba mu ja shi da mataji ba, sai muka sa yatsu biyu tsakaninsa da fata, muka yanke da almakashi. Duka bai wuce minti biyar ba. Mun yi haka sau ɗaya kowace rana, da tsakar rana sa'ad da gari ya yi ɗumi. Warin ya tafi a kwana biyu, gama yawancinsa daga gashin nan ne da shimfiɗa.

Mikin kansa ido kaɗai muka sa masa. Safe da yamma mu kan ɗaga ta mu duba da tocila. Likita ya faɗa mana alamun da za su sa mu komo ba jinkiri: ja mai yaɗuwa, kumburi mai zafi, mugunya, wari daga mikin, ko zare ya buɗe. Ba mu shafa man shanu, ko man ja, ko toka ba, ko da ya ke an ba mu shawarar duka ukun. Mun rufe kwalin da gidan sauro, domin ƙuda ya kan yi ƙwai a gashin da ya jiƙe, cikin yini ɗaya su zama tsutsa. Kowace safiya kuma mu kan ɗora ta a kan sikelin uwargida, yarinyar ta rubuta nauyin a bayan littafin lissafinta. Dabbar da a ke farauta a daji ta kan ɓoye ciwonta, amma sikeli ba ya ɓoyewa. Ta sauka zuwa giram 810 a rana ta biyar, daga nan ta fara hawa.

Akwai abu biyu kuma da suka ba mu mamaki. Yarinyar ta ga Kyauta tana kai baki tsakanin ƙafafunta, ta zaci zare ta ke ci, ta so ta hana. Ashe wani irin kashi mai laushi ta ke ɗauka ta ci, wanda su kan ci kullum domin akwai abinci da ƙwayoyi masu amfani a cikinsa. Mu da mu ke ganin ƙazanta ce, a wurinta magani ne. Na biyu, kaɗaici ya dame ta. Waɗannan dabbobi masu zaman garke ne, har a ƙasar Suwizalan doka ta hana kiwon guda ɗaya tak tun shekarar 2008. Ba mu iya haɗa ta da sauran ba, domin kada su taka mikin. Sai muka kawo 'yar'uwarta a wani kwali, muka sa waya a tsakani. Da suka ga juna ci ya ƙaru.

A rana ta 14 muka koma Jos. Likita ya cire zaren, ya ce fata ta haɗu. Duk da haka muka ƙara mako guda. Ran 30 ga Disamba da tsakar rana yarinyar ta sāke dafa ruwa, wannan karo da izini. Ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu kamar yadda a ke yi wa jariri. Ruwan bai wuce santimita 3 a roba ba, muka sa tsumma a ƙasa domin kada ƙafa ta zame. Rabin jiki na baya kaɗai muka wanke, da ɗigon sabulun jarirai, muka ɗauraye sosai. Ruwa bai taɓa kunne ko hanci ko ido ba. Muka tsane ta da tawul biyu, yarinyar ta rungume ta a ɗaki har gashi ya bushe ƙarau. Ba mu shanya ta a rana ba, gama zafi ma ya kan kashe su da sauri, kakanninsu 'yan ƙasar sanyi ne.

Sa'an nan muka taje ta da buroshi mai laushi, muna bin yadda gashi ya kwanta, muka kuma yanke mata farce. Farcenta 14 ne, huɗu huɗu a gaba, uku uku a baya. A cikin kowane farce akwai jan jijiya, wadda a ke gani idan an haska. Bakin kaɗai a ke yankewa, a bar jijiyar. Yarinyar ta ce, "Baba, yau Kyauta za ta ci jarrabawar Litinin." A ran nan kuma muka ga ta tsuguna a kan ƙafafun baya, wani farin ruwa kamar madara ya fito a gefen idonta, ta shafa da hannuwa ta wanke fuska. Haka su ke wankansu. Mai lafiya da ke cikin ɗaki mai tsabta ba ya bukatar namu wankan sai jefi jefi, idan ya ɓaci ƙwarai.

Kyauta ta rayu, gashi ya rufe tabon. Maƙwabcinmu har wa yau ya kan tambaye mu lafiyar "mai jinya" yana dariya, mu ma mu yi dariya.

'Yan'uwa masu kiwon waɗannan dabbobi, idan an yi wa naku aiki, ko ya ji rauni, ku riƙe jerin nan yadda ya ke: ɗumi tukuna, sa'an nan abinci, sa'an nan busasshiyar shimfiɗa. Wanka shi ne na ƙarshe, sai likita ya ce miki ya haɗu. Kada ku ba shi ragowar maganin mutane. Idan kuma yaro ne mai dabbar, ku sa shi cikin aikin, ku faɗa masa dalilin kowane abu, har da kuskuren da kuka taɓa yi.

Mu dai ba mu daina duba yara ranar Litinin ba. Amma yanzu idan muka ga yaro da dauɗa, kafin mu nuna masa bakin rijiya mu kan tambaye shi ko ya karya kumallo, ko kuwa akwai inda ke masa ciwo.